Rigar da Na Ɗinka wa Gimbiya

Litinin, bayan an tashi daga shago

An zaɓi Gimbiya.

Ba sunanta na yanka ba ne, ni na laƙaba mata, har Goggo ma ta kama. 'Yar Baffa ce, yayan babana. Da 'yan watanni ta girme ni, amma ita tana sakandare da farar safa da jaka mai zif biyu, ni kuwa tun da na gama firamare ina shagon Goggo ina kalmasa da sa maɓalli.

Ga abin da aka zaɓe ta a kai. Baffa da 'yan kwamitinsa za su yi wa mutanenmu rana guda a filin ƙwallo ƙarshen watan nan, da rumfuna da lasifika da kujerun haya. Tun da mutanenmu suka zo garin nan ba a taɓa yi ba. Yarenmu a cikin ɗaki muke yinsa, in an buga ƙofa mu canja baki. To wai a ranar yarinya ɗaya za ta fito gaban kowa ta yi doguwar gaisuwar nan ta manya, da yarenmu, a lasifika.

Gimbiya abin da ta sani a yarenmu shi ne "na ƙoshi" da "sai da safe".

Ni a ɗakin Kaka na tashi, har yau shimfiɗarmu ɗaya. Da yaren nake mafarki.

Ba komai. Ni ko an ce in fito ba zan iya ba. Shiru ake ce mini, kuma ba a banza ba.

Talata, da magariba

Baffa ya zo gida da takardun talla a hammata, ya shimfiɗa ɗaya a kan tabarma. Hoton Gimbiya ne, babba, haƙoran nan a jere. Ban kalla sosai ba. An gyara mata hanci a hoton.

Baba ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, wa ya aike ka?"

"Wa zai aike ni? Har yaushe za mu yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarayi? Yarana ko ƙirga ba su iya ba da yaren ubansu."

"To ka koya musu a ɗaki. Ƙirga ba ta buƙatar lasifika."

"A ɗakin suke ganin muna tura ƙofa kafin mu buɗe baki. Yaro ya ga ana ɓoye abu, me zai ɗauka? Abin kunya ne."

Baba ya ce, "Kai shagon naka ne, ba mai korarka. Ni motar wani nake ja." Motar gidan burodi yake nufi, wadda yake zaga kantuna da ita tun asuba. Sannan ya ƙara da cewa, "Ka manta abin da ya taso mu."

Baffa ya ce bai manta ba, shi ya sa ma. Sai Kaka ta daina tsintar shinkafa. Ba a wannan zancen a gabanta. Maza uku ta haifa, biyu ne suka iso garin nan. Iyakar abin da na sani ke nan.

Can ta ce, "A can ba mu da wata rana. Duk ranakun namu ne." Ta ci gaba da tsinta. "Amma in akwai kujera mai jingina a ajiye mini ɗaya."

Inna ta yi dariya daga kicin, ta mayar da ita tari.

Baba ya ce daga gidan nan ba mai zuwa, sai tsohuwa, ita ba shi da iko da ita.

Da Baffa zai fita ya juyo ya ce, "Shiru, gobe 'yar uwarki za ta zo, ki koya mata gaisuwar. Ai ke kin iya."

Ai ke kin iya. Ashe ya sani.

Laraba

Ba ta zo ba, wai tana da jarrabawa. Na share ɗaki a banza.

Alhamis, da la'asar

Ta zo tana taunar cingam. Ina faɗa tana rubutawa a waya, in ta karanto sai ka ce an cika mata baki da tsakuwa. Kaka ta juya bango kamar mai barci, amma kafaɗarta tana rawa.

Gaisuwar ba magana kaɗai ba ce. Yarinya takan durƙusa, gwiwar hagu a ƙasa, ta jawo bakin mayafi ta rufe fuska, sannan ta fara. Ta gaida masu furfura, ta gaida waɗanda suka riga mu, ta gaida kogin da aka baro, ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi suna amsa mata. Ba a kallon idon babba ana gaishe shi. Ni tun ban iya ɗaura zane ba Kaka ke jawo mini mayafi in na manta.

Da na nuna wa Gimbiya sai ta zaro ido. "In rufe fuska? Bayan an ɗauko mai kwalliya?"

Na ce haka ake yi.

"Babana ya ce ba za a rufe ba. Ya ce ai fuskar muka fito nunawa."

Kaka ta ce daga gado, da yarenmu, "To a nuna. Allah dai ya sa kunnen mutane ya toshe ranar."

Gimbiya ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce kin yi kyau."

Asabar, a shago, Goggo ta fita sayen zare

Mai Turare ta zo gwajin riga ɗazu. Tsohuwar mai kawo mana ɗinki ce, in ta shigo sai an tashi ƙamshinta bai bar labule ba. Takan kawo mini alewa ta ce, "Ungo, ko bakin zai buɗe." Ina sonta. Gidanta bene ne, yana kallon filin ƙwallo.

Ina durƙushe ina kama mata bakin riga, allurai a bakina, sai ta ce wa Goggo, "Kin ga takardun da aka manna? Wai su ma biki za su yi. A ƙarƙashin tagata kuma." Ta faɗi sunan nan da suke kiranmu da shi. Ba zan rubuta shi ba. "Ni ba ruwana da kowa, amma su zauna lafiya mana. Wa ya tambaye su? Mutum yana zaune da su shekara da shekaru bai sani ba, ai hakan ya fi."

Goggo ta ce, "Ɗan juya, uwar ɗakina, in ga bayan."

Ta juya. "Amma yarinyar da ke hoton kyakkyawa ce, ba ka ce tasu ba ce."

Ko ita ma.

Bayan ta tafi Goggo ta ce daga yau in Gimbiya za ta zo awo, ta ƙofar baya za ta shigo. Na ce mata, "Goggo, ke za ki je?" Ta ce, "Ni keke na sani. Miƙo almakashi."

Lahadi

Kaka ta buɗe akwatin ƙarfe. Tun ina ƙarama nake roƙo ta bar ni in yafa mayafin da ke can ƙasa, wanda ta taho da shi ɗaure a ƙugu, mai baƙin gefe. Kullum ta ce sai ranarsa ta zo.

Yau ta ninke shi ta ba Baffa ya kai wa Gimbiya.

Na ce ina ciwon kai, ban ci abinci ba. Kaka ta ce, "Ƙawata, mayafi ne fa, ba gona ba."  Ni ba hassada nake ba. Kawai dai ba ta san yadda ake ninke shi ba, za ta jefa a kan kujera tare da safa.

Talata, da safe

Fuskarta a bangon makaranta. Fuskarta a turken wuta. Fuskarta a bayan motar haya, ta wuce ni tana murmushi ta watsa mini ruwan kwata.

Laraba, bayan an rufe shago

Rigar da Gimbiya za ta sa a ranar, mu za mu ɗinka. Goggo ta yanka ta haɗa a keke bayan an ja ƙofa, aikin hannu duk nawa ne: wuya, bakin hannu, kalmasar ƙasa, da ƙananan duwatsun da za a jera a ƙirji. Yadin ruwan hanta ne, mai nauyi, in ka taɓa kamar ka sa hannu a randa.

Gimbiya ta zo ta baya. Ina zagaye ta da tef tana latsa waya, ko ɗaga hannu sai na ce mata sau biyu. Ta ce, "Shiru, kada ki matse ni fa, ina son in yi numfashi." Na ce to.

Na yi ɗinkin da ban taɓa yin irinsa ba. Goggo ta juya wuyan ciki da waje ta nemi inda na ƙulle zare ba ta samu ba. Ta daɗe tana dubawa. Ban san me ya sa na yi shi da kyau haka ba. Na so in ɓata.

Juma'a

Baba yana gida da hantsi. Ban taɓa ganinsa a gida da hantsi ba sai ran da ya yi zazzaɓi.

Inna ta ce an ce ya ɗan huta. Na ce wa ya ce? Ta ce in je shago.

Shi da Baffa kamarsu ɗaya, kuma sunan mahaifinsu yana ƙasan takardar da manyan baƙaƙe. Ban ce don haka ne ba. Ba wanda ya ce.

Asabar

Yana gida. Ya gyara ƙofar banɗaki, ya gyara rediyo, ya kwance fankar da ba abin da ya same ta.

Litinin, da azahar

Goggo ta tafi kai ɗinki, ta bar ni ni kaɗai. Na ja labule na sa rigar.

Ta yi mini yawa a ƙirji, ta yi tsawo kaɗan. Na kama bayan da hannu na tsaya gaban dogon madubi. Na daɗe. Na yi gaisuwar tun daga farko har kogi, a hankali, ba ko tuntuɓe. Madubin yana da tsaga a gefe, in ka matsa hagu ba ka ganinta.

Sai na ji ana taɓa ƙofa, na fizge rigar har dutse ɗaya ya faɗi. Mai kawo gawayin guga ne. Na mayar da dutsen.

Ba komai. Gwadawa na yi in ga ko kalmasar ta zauna.

Laraba, da yamma

Wani abu ya faru a makarantar su Gimbiya. An rubuta sunan nan a kan teburinta. 'Yan bencinsu sun koma wani benci. A hanya ma na ga an ƙwaƙule idanun hoton da ke turken wuta, na bangon makaranta kuma an yi masa gashin baki da biro.

Na tsaya na kalli mai gashin bakin. Ba zan rubuta abin da na ji ba.

Gidan Baffa cike. Matan kwamiti suna ta shiga da kwanuka, wata ta kawo mata lemo, wata ta zauna tana shafa mata kai tana cewa jaruma, 'yar halak, kin ɗaukar mana kaya. Inna ma ta je, da guntun naman da ta ce babu.

Baba kwana nawa yana zaune a gida ba wanda ya kawo ko ruwa. Ni na taɓa ɗinke yatsana da keke har farcen ya fita, aka ɗaure da ƙyalle aka ce in ƙarasa maɓallan.

Ita ko kuka ta yi sai an taru.

Alhamis

Na san abin da na rubuta jiya ba kyau. Ban goge ba.

Juma'a, da la'asar

An aike ni in kai rigar. Na same ta ita kaɗai a ɗaki, ido a kumbure, mayafin Kaka a rataye a bayan kujera kamar yadda na faɗa. Na ɗauka na ninke.

Ta ce, "Shiru, zauna mana. Kullum kamar an biyo ki."

Na zauna a bakin gado.

"Ke kin huta. Ba wanda ya san ki."

Na ce haka ne.

"Wallahi da gaske nake. Ki bi titi ki dawo ba mai nuna ki da baki." Ta share hanci. "Ni ban ma san me nake faɗa ba a gaisuwar nan. An zage ni a kan abin da ban iya ba. Ku in kun zauna da Kaka kuna ta dariya, ni ina gefe kamar wadda ta zo karɓar bashi. Tun muna yara haka ne. Ke take kira ƙawata. Ni ko sunana sai ta yi na yayyena duka kafin ta kai kaina."

 Na ce ta gwada rigar. Ta ce in ajiye.

A hanya na yi ta juya maganar. Wai ita ke kallona. Tana da hoto, tana da riga, tana da mayafi, tana da jaka mai zif biyu, yanzu kuma ɗan abin da nake da shi ma tana so.

Asabar

Baba da Inna sun yi magana a ɗaki da ƙofa a rufe. Na ji Inna tana cewa, "To ɓuyan me ya tsinana mana?" Ban ji amsarsa ba. Da ta fito ta ɗauko zanenta mai kyau ta goge, ta mayar cikin akwati, ta sake ɗaukowa.

Talata

Kaka tana ta gwada takalma. Ta ce ƙafarta ta manta hanyar biki.

Alhamis, da magariba

Baffa ya zo. Bai zauna ba sai da Baba ya ce ya zauna. Ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa gani ba.

Gimbiya ta ce ba za ta fito ba. An lallasa, an yi faɗa, uwarta ta yi kuka, ta kulle kanta a ɗaki. Taron kuma jibi ne.

Baffa ya ce, "Na san abin da ka ce. Na san kuma abin da ya same ka, kuma ni na jawo. Amma an kama rumfuna, tsofaffi suna tahowa daga unguwanni. In ba a yi gaisuwa ba me aka yi?"

Baba ya daɗe yana kallon fankar da ya kwance. Ya ce, "Abin da nake gudu ai ya riga ya same ni, Yaya. Ga ta nan. Tambaye ta."

Ina bakin ƙofa da tiren shayi.  Baffa ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya ce wa Inna, "Rigar za ta shige ta kuwa?"

Na ce, "Za a rage ƙirji da tsawo."

Duk suka kalle ni. Kaka ta ce, "Au, ashe an riga an auna."

Juma'a

An dawo da rigar da mayafin daga gidan Baffa, na farke ɗinkina da hannuna na rage. Goggo ta ce ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, amma ita ta goge mini.

Na kasa cin abinci. Gobe kowa zai gan ni. Na rubuta wannan na karanta, na sake karantawa.

Asabar, da yamma, an dawo

Kujeru sun fi mutane yawa, amma mutanen ma ba laifi. Akwai fuskokin da na sani ban san namu ba ne: mai gyaran takalmi na bakin kasuwa, matar da ke allura a asibiti, wani malaminmu na firamare da ya taɓa dukan yaro don ya yi yare a aji. Kowa yana kallon kowa yana dariyar kunya. 'Yan gari kuma sun hau katanga suna kallo, wasu daga saman benaye. 'Yan sanda biyu suna gyangyaɗi a inuwa.

Kaka ta sami kujera mai jingina, a layin gaba. Inna ta zo da zanen nan. Goggo ta zo da baƙin tabarau, ta zauna can baya kamar mai jiran mota.

An yi jawabai, lasifika tana ta ƙara. Sannan mai gabatarwa, wanda haya aka ɗauko shi kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa an canja, ya ce ga 'yar shugaban kwamiti, wadda kuka gani a hoto. Aka yi tafi. Wata ta tura ni daga baya.

Na taka. Rigar tana da nauyi. Na ce a raina zan ɗaga kai, yadda Baffa ya ce, in bar su su gani. Har na kai tsakiya kaina a sama.

Sai na ga layin gaba. Furfura ce jere, tsofaffi da sanduna, duk sun zuba mini ido. Ban san lokacin da gwiwata ta kai ƙasa ba. Ban san lokacin da hannuna ya jawo bakin mayafin ba. Kafin in tuna, fuskata a rufe take ruf, abin maganar yana ƙarƙashin mayafi tare da ni.

A cikin duhun nan ban ji tsoro ba. Na gaida masu furfura, suka amsa. Ban taɓa jin amsar daga baki fiye da ɗaya ba. Ashe in mutane da yawa suka yi ta tare, a ƙirji ake jinta. Na gaida waɗanda suka riga mu, amsar ta fito da rawa a ciki. Da na kai kogi wata tsohuwa ta fashe da kuka, wasu suka kama, 'yan kan katanga ma suka yi tsit. Ta saƙar mayafin na hango Baba can bakin ƙofar fili, bai shigo ba, hannu a aljihu. Bakinsa yana motsi.

Da na gama na ja da baya a durƙushe yadda ake yi, aka shigar da ni bayan rumfa. Goggo ta ce in cire rigar kafin gumi ya ɓata ta. Na cire, na sa tawa ta kullum. Wata mata ta miƙo mini tire ta ce, "Yarinya, taimaka ki zaga da ruwa."

Na zaga da ruwa.

Gimbiya ta zo ashe, tana cikin motar babanta a bayan rumfa, gilashi a ɗage. Tsofaffi suka yi wa motar zobe. Suka buɗe ƙofa, suka rungume ta, wata tana sa mata albarka tana cewa ta dawo mata da uwarta yau. Na ji Gimbiya tana cewa ba ita ba ce, har sau biyu. Suka ce ji kunya irin ta 'yan gidan mutunci. Ta hango ni da tire, ta nuna ni, amma ba wanda ya juya.

Lahadi

Kaka ta ce na yi sauri a wajen kogi, ban da haka ba laifi. Ta ce, "Kin kuma rufe fuska yadda ya kamata."

Na ce, "Shi ya sa ba wanda ya gan ni."

Ta ce, "Ai don haka ake rufewa, ƙawata."

Baffa ya aiko da lemo kwali guda, a gaida Shiru. Matan kwamiti suna gidansa tun safe. Wai za a riƙa yi duk shekara. Na ji Baba yana koya wa autanmu ƙirga da yarenmu a tsakar gida, ƙofa a buɗe. Har yanzu ba a kira shi aiki ba.

Kowa ya sami wani abu.

Litinin

An kawo hotuna. Riga ce da mayafi a durƙushe. Kowa ma zai iya zama.

Laraba, bayan an tashi daga shago

Mai Turare ta zo da sabon yadi, leshi mai tsada, za ta aurar da ƙanwarta. Ta ce bikin filin ƙwallo ya hana ta barcin rana, amma ta leƙa ta taga. Goggo ta ce, "Allah sarki," tana ta neman alli alhali yana hannunta.

Aka sa mata tsohuwar rigarta don a ɗauki tsawo. Na durƙusa zan kama bakin. Ina cikin jera allurai sai na ji ta daina magana. Na ɗaga ido, ita kuma tana kallona daga sama, kamar yadda ta kalli fili daga bene.

Ta ce, "Wannan durƙuson na san shi. Gwiwa ɗaya a ƙasa, kai a gefe." Ta ɗan ja ƙafarta baya. "Tun ranar nake cewa a ina na san yarinyar nan. Ba ta hoton ba ce, ta hoton ta fi jiki. Ke ce?"

Goggo ta yi dariya da ƙarfi. "Wa? Wannan? Haba uwar ɗakina, wannan ko sannu sai an matsa mata ciki take fitowa. Ita da lasifika ina suka haɗu?" Tana dariya tana kallona, idonta yana roƙo.

Da na sunkuyar da kai shi ke nan, an wuce wurin. Abin da na fi iyawa ke nan a duniya.

Na zare alluran daga bakina ɗaya bayan ɗaya na soke a hannun rigata.

Na ce, "Ni ce."

Ba ta yi faɗa ba. Ta kalle ni, ta kalli Goggo, ta kalli shagon kamar yau ta fara shigowa. Ta ce, "Ikon Allah. Shekara nawa." Ta shiga bayan labule ta canja kaya, ta ninke leshinta ta sa a jaka, ta ce za ta yi shawara a kan ɗinkin tukuna. A bakin ƙofa ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce, "Muryarki da daɗi," ta fita.

Goggo ta zauna a kan keke ba ta taka ba. Ta daɗe. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Leshin nan da ya riƙe mu wata guda. Ɗauki tsintsiya."

Na ɗauka. Na san abin da na jawo mata, kuma na san gobe wasu ma za su ji. Ya kamata in ji ba daɗi, kuma na ji, wallahi na ji.

Amma ina shara na juya wa Goggo baya, don bakina ya ƙi rufuwa.